Shin Takin Zamani Yana Kashe Gona?



Akwai wata magana da ke yawo a kasuwanni da gindin itatuwa, tun daga Ƙonni har Magariya. Ana cewa takin zamani yana kashe gona. Wasu suna cewa gona tana sabo da shi kamar yadda mutum ke sabo da goro: in ka ba ta bana, baɗi ka hana ta, sai ta yi fushi ta ƙi bada kome. Masu faɗin haka manoma ne, kuma sun ga wani abu da idonsu. Gonar da aka sa ma taki shekara uku ko huɗu tana iya komawa baya, wannan gaskiya ne. Amma a ganina an kama wanda ba shi ya yi satar ba. Kai da ka yi karatun yaƙi da jahilci, ka iya karanta lamba, ka iya lissafi, ya kamata ka bi wannan magana har gindinta, don kai ne sauran mutanen gari za su tambaya.

Ɗauko buhun taki ka duba jikinsa. Za ka ga lambobi uku, kamar 15-15-15, wanda mutane ke kira kamfa. Lamba ta farko azot ce, ita ke sa ganye ya yi kore shar. Ta uku potas ce, ita ke ƙarfafa kara. Ta tsakiya ita ce fosfat, wato abincin da ke ɗauke da fosfor, kuma a kanta maganarmu take. A cikin kilo 100 na kamfa akwai kilo 15 na fosfat. A cikin kilo 100 na DAP akwai kilo 46. Supa, wanda tsofaffin manoman gujiya suka sani sarai, yana da kilo 18 zuwa 20. Farin takin nan da ake kira ure ba shi da fosfat ko ƙwaya ɗaya, azot ce zalla. In mai shago ya ce maka duk taki taki ne, ka nuna masa lambar tsakiya.

Jigawarmu tana da yunwar fosfor ƙwarai. Masu binciken gona na INRAN, da aka kafa a 1975, da na ICRISAT da ke Sadore kudu da Yamai, sun auna ƙasar noma wurare da yawa cikin Nijar. Abin da suka tarar shi ne, in an yi ruwa, rashin fosfor ne ke fara tare hatsi kafin rashin azot. Kai ma ka san alamarsa ko ba ka san sunansa ba. Hatsi ya tsiro, ya tsaya wuri ɗaya kamar allura, ganyensa ya yi ja-ja, saiwarsa ba ta nutse ba, bai yi ƴaƴa da yawa a gindi ba. Iskar farkon damina ta taso da yashi ta binne shi. Wanda ya tsira ya makara wajen fidda kai, ruwa ya ɗauke kafin ido ya cika. Ka ba wannan hatsi ure kaɗai, kuɗinka ka zubar, don ba shi da saiwar da zai ci da ita.

To, ina fosfor yake zuwa bayan an zuba shi? A nan halinsa ya bambanta da na ure. Ure baƙo ne mai saurin tafiya. In ka watsa shi bisa ƙasa ba ka rufe ba, wani kashi ya bi iska. In aka yi ruwa mai yawa, wani ya nutse can ƙasa inda saiwa ba ta kai. Abin da shuka ba ta ci bana ba, kada ka sa rai da shi baɗi. Fosfor kuwa mazauni ne. Ba ya tashi sama, ba ya gudu da ruwa zuwa ƙasa sai kaɗan. Inda ka aje shi nan yake maƙalewa jikin ƙasa. A shekarar farko shuka ba ta cin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ka zuba, sau da yawa ma ba ta kai haka ba. Saura yana nan, yana sakin kansa sannu sannu a shekara ta biyu da ta uku, har gaba. Akwai ƙasashen jan laka inda ƙasa ke riƙe fosfor ta ƙi saki. Jigawarmu ba ta da wannan rowa sosai, abin da ta karɓa tana maidowa.

Kana son shaida wadda ba ta fito daga ofis ba? Dubi kufai. Garin da mutane suka tashi tun zamanin kakanni, ba gida ba danga, amma har yau hatsin wurin ya fi na kewaye tsawo da kauri. Toka da ƙasusuwa da kashin dabbobi da sharar gida da aka zubar shekara da shekaru sun tara fosfor a wurin, kuma bai tafi ba. Abin da zai zauna a ƙasa haka yana ciyar da jikokin wanda ya zuba shi, ba a ce masa guba.

Akwai kuma abin da ya kamata ka riƙe. Azot tana da hanyar dawowa gona da kanta. Wake da gujiya da gawo suna jawo ta daga iska ta ƙululun da ke jikin saiwarsu. Fosfor ba shi da wannan hanya. Ba ya cikin iska. Duk buhun hatsin da ya bar gonarka ya tafi da nasa, kuma ba ya komowa sai in an kawo shi, ko cikin takin dabbobi, ko cikin toka, ko cikin buhu. Iyayenmu suna barin gona maiso shekara biyar ko goma, itatuwa da ciyawa su tsotso abinci daga can ƙasa su zubo shi sama, ƙurar hunturu ta ƙara nata. A ƙidayar 1977 mutanen Nijar miliyan 5 ne da ɗan ɗori. A ƙidayar 2012 sun wuce miliyan 17. A kudancin Maraɗi da Damagaram wa ke da gonar da zai bari ta huta shekara biyar? Ana noma wuri ɗaya kowace damina, ana kwasa, ba a maidawa. Wannan gajiyar ta riga buhun taki zuwa gonar.

Yanzu mu koma ga abin da masu zargi suka gani. Mu yi lissafi, ɗauko alli.

Dabarar da malaman gona ke koyarwa ta sa taki kaɗan a ramin shuka ita ce giram 6 na kamfa, wato cikin marfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP, wato abin da yatsa uku suka tsinka. In ka shuka taki ɗaya-ɗaya na mita, hekta tana da rami 10.000. Ke nan kilo 60 na kamfa ko kilo 20 na DAP. Ko wanne ka ɗauka, fosfat ɗin da ke ciki wajen kilo 9 ne, tsantsar fosfor ɗinsa kuwa kilo 4. Hekta ɗaya ta hatsi a ƙasarmu ta saba bada kilo 400 zuwa 500. A ce Allah ya ba da ruwa, taki ya kama, ka samu buhu 10 na kilo 100. Wannan hatsin ya fita da fosfor wajen kilo 3, ban da wanda ke cikin kara. Ka zuba 4, ka kwashe 3 da wani abu. Ta wajen fosfor kusan an tashi kunnen doki.

Ta wajen azot fa? Buhu 10 ɗin nan sun fita da azot wajen kilo 18, nan ma ban da kara. Kamfar da ka sa ta kawo kilo 9 kawai. In DAP ka sa, bai kai kilo 4 ba. Sauran daga ina ya fito? Daga jikin gonarka. Potas kuwa mafi yawanta cikin kara take, in ka kwashe kara ka kwashe ta. Fosfor ya ba hatsi saiwa mai ƙarfi, hatsi ya ci abin da ya tarar da kyau, ka cika rumbu, ka yi murna. Shekara uku, shekara huɗu kana haka, ba takin gida, ba kara, ba wake. Ajiyar da ke cikin ƙasa ta ƙare. Ran da ka kasa sayen buhu, gona ta nuna maka ramarta, sai a ce taki ya kashe ta. Jakin da aka yi wa maganin ciwon ƙafa ya tashi ya yi ta ɗaukar kaya ba a ƙara masa harawa ba, in ya faɗi, maganin za a zarga?

Masu gauraya tiya ɗaya ko biyu ta taki cikin iri su shuka gona guda, su ma su ji. Dabarar tana tada shuka, ban hana ba, wanda ba shi da hali ya yi ta. Amma abin da ya shiga ƙasa bai kai rabin abin da amfanin zai fitar ba. Kada mai yin haka ya ɗauka ya ciyar da gonarsa.

Abu na biyu da ke faruwa cikin shekaru shi ne tsami. Takin azot, wato ure da azot ɗin da ke cikin DAP da kamfa, in ana zuba shi shekara da shekaru a ƙasar yashi wadda ba ta da ruɓaɓɓen abu, yana sa ƙasa ta yi tsami. In ta yi tsami saiwa ba ta yaɗuwa, kuma ƙasa sai ta fara ƙulle fosfor ɗin da ka saya da kuɗinka. An ga wannan a fili. A Sariya, kusa da Kudugu cikin Burkina Faso, akwai filin gwajin dawa da aka fara tun 1960. Fegin da ake ba takin zamani kaɗai ya yi kyau shekarun farko, daga baya ya riƙa ja da baya, ƙasarsa ta yi tsami. Fegin da ake haɗa ma takin zamani da takin shanu shi ya riƙe ƙarfinsa. A Sadore ma, tun shekarun 1980, Andre Bationo da abokan aikinsa sun gwada hatsi hanya huɗu: fegi ba kome, fegi da kara kaɗai, fegi da taki kaɗai, fegi da kara da taki tare. Na ƙarshen nan ya wuce sauran nesa, ya ninka fegin da ba a sa ma kome ba sau da yawa. Ƙasa ɗaya ce da tamu, hatsi ɗaya, ruwa ɗaya.

Don haka maganar kara ba ƙaramar magana ba ce, kuma na san inda take da zafi. Kara yanzu kuɗi ne. Ana darni da shi, ana hura wuta, bisashe na ci, kuma da bazara amalanken kara yana tsada a birni. Mai iyali da ya rasa na cefane ba a ce masa ya bar kara a gona don ƙasa ta ji daɗi. Amma ka rarrabe. Karan da tumakinka da shanunka suka ci, ka kwashe takinsu ka maida gona, bai ɓace ba, zagaye ya yi. Tokar murhu in ta koma gona, fosfor da potas ɗinta sun koma, kuma tana rage tsami. Karan da ka saida aka kai birni shi ne ya tafi ke nan. In dole ne ka saida, saida rabi, ka kwantar da rabi a wuraren da iska ta fi ci. Karan da ke kwance yana tare yashi, yana kama ƙurar hunturu, yana kiran gara ta huda ƙasa ruwa ya shiga. Kuma ka tuna fosfor ɗinka a saman ƙasa yake zaune, bai fi zurfin tafin hannu ba. Iskar da ta share saman gonarka ta kai wa maƙwabcinka takin da ka saya. Sabara da kalgo da gawon da ka bari suna tsiro a gona, irin sassaben zamanin da mutanen Maraɗi suka yi suna da shi, su ne masu gadin wannan ajiya.

Wake kuma abokin fosfor ne na ƙut da ƙut. In ya samu fosfor yana yin ƙululun saiwa da yawa, ya jawo azot, ya ba ka harawa. Hatsin da ya biyo bayan wake a fegi ɗaya yana cin sauran fosfor, yana cin azot ɗin da wake ya bari, ƙuduji ma yana raguwa. In buhu ɗaya na supa ko DAP gare ka, raba gonar, ka riƙa juya wake da hatsi. Tsofaffin da suka yi noman gujiya lokacin da take tashe, kafin farin 1973 da cutar da ta biyo baya su karya ta, za su gaya maka yadda hatsi ke yi a wurin da aka sa ma gujiya supa bara.

Wani zai ce, to me ya sa ba za a zuba da yawa gaba ɗaya a huta ba? Wanda ke da hali ya yi. Abin da masu bincike suka daɗe suna faɗi don watsawa a hekta shi ne fosfat kilo 30, wato buhu 3 na supa masu kilo 50, ko buhu 4 na kamfa. Wannan yana cika rumbun ƙasa, amfaninsa ya bi ka shekaru. Amma tun da kuɗin taki ya yi tsalle a 2021 da 2022, manoma nawa ne a garinku za su iya? Shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce kada ya watsa ɗan abin da ya samu a hekta biyar don a ce ya sa taki. Ya zaɓi fegi ɗaya, ya haɗa masa taki a rami da takin gida ko dunƙule biyu a kowane gindi, ya gyara shi sosai. Baɗi ya matsa gaba. Kuma ya kula: DAP ko kamfa in sun manne da iri a busasshiyar ƙasa suna ƙona shi. A zuba, a ɗan tura ƙasa, sannan a sa iri. Mai binne kafin ruwa gara ya jira shuka ta fito ya sa a gefen gindi. Ure kuwa sai bayan cira, cikin danshi, a rufe.

Abin da ke ba ni takaici shi ne Allah ya aje mana dutsen fosfat cikin ƙasarmu. Akwai shi a jihar Tawa, akwai shi a yankin gandun daji na W. An haƙa na Tawa an niƙa shi a shekarun 1970 da 1980. Gwaji ya nuna na Tawa ya fi na W saurin narkewa. Garin dutse ba ya nuna kansa shekarar farko kamar supa, kuma iska tana kwashe shi in ba a cuɗa shi da ƙasa ba, shi ya sa manoma da yawa ba su so shi ba. Amma a ƙasa mai tsami da ke samun ruwa, kamar wajen Gaya da Madarumfa da Magariya, yana narkewa sannu ya yi aiki shekaru, kuma ya fi kyau in an zuba shi cikin ramin takin gida ya ruɓe tare. Ƙasar da jigawarta ke yunwar fosfor, dutsen fosfat na kwance cikinta, tana sayen taki daga ƙetaren teku, wannan magana ce da ƙungiyoyin manoma ya kamata su riƙa tadawa duk inda suka zauna da hukuma.

Masu garka, su nasu daban ne. A wasu garakan albasa da na tumatir ana zuba kamfa kowace shekara fiye da kima. Tun da fosfor ba ya tafiya, taruwa yake. In ya yi yawa ba ya ƙara amfani, har yana iya hana shuka cin wasu ƙananan abinci. Mai garkar da ya shekara goma yana zuba kamfa ya nemi malamin gona a auna masa ƙasa, wataƙila yana sayen abin da yake da shi.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi haddasa faɗa. Tun da fosfor yana zama a gona shekara uku ko fiye, na wa ne? Mutum ya karɓi aron gona ko haya ko jingina. Ya ci bashi ya sa taki, ya kwaso takin gida da amalanke. Hatsi ya yi kyau, kowa ya gani daga hanya. Da rani mai gona ya zo ya ce ɗansa ya girma yana son wurin. Kashi uku cikin huɗu na fosfor ɗin yana cikin ƙasa, ba a tona shi a sa a buhu. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya ƙara gyara gonar aro, sai ya tatse ta ya bar ta. Mai gona ya yi hasara, mai aro ya yi hasara. Haka wasu magidanta ke yi wa matansu. A ba mace gamana a wurin da ya mutu, ta kai shara da toka da kashin awaki a kanta shekara biyu, wuri ya farfaɗo, sai maigida ya haɗe shi da gandu ya nuna mata wani mataccen wuri. Wannan ba daidai ba ne, ko da al'ada ta yi shiru a kai. Ke ƴar'uwa mai karanta wannan, ki nemi a faɗi shekarun da za ki riƙe gamanarki gaban shaidu tun kafin ki fara kai taki.

Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira Kofo, har a matakin gari, inda maigari ke shugabanta. Suna bada takardar shaidar aro da ta haya da ta jingina. Kai da ka iya rubutu, in za ka karɓi gona, a rubuta shekara nawa. Kada ka yarda da ƙasa da uku in kana da niyyar sa fosfat, biyar ta fi. A rubuta kuma abin da za a yi in mai gona ya so karɓa kafin lokaci. Kai mai bada aro, wannan takarda ba ta ƙwace maka gona, ita ce ma shaidar taka ce, kuma za a maido maka da ita da ƙarfinta.

Kada ka ɗauki maganata don na faɗa, gani ya kori ji. Daminar bana ka auna fegi huɗu a gonarka wuri mai ƙasa iri ɗaya, kowane taki 10 tsawo, taki 10 faɗi, ka kafa turke a kusurwoyi. Na farko kada ka sa masa kome. Na biyu taki a rami kaɗai. Na uku takin gida da kara kaɗai. Na huɗu ka haɗa duka. Iri ɗaya, rana ɗaya, noma ɗaya. Da kaka ka sussuke kowane daban, ka auna da tiya, ka rubuta a littafinka. Ka yi haka shekara uku a wuri ɗaya. A shekara ta huɗu kada ka sa ma ko wanne kome, ka shuka, ka auna, ka ga wanne ya riƙe. In kuna da ƙungiya ko kulob na masu sauraren rediyo, ku yi shi mutum biyar ko shida, wani a jigawa wani a geza, ku riƙa karanta lambobinku gaban jama'a. Ku aiko mana da su tare da sunan garinku da yawan ruwan da aka yi, za mu karanta a shirin manoma.